Harajin Takin da Ya Raba Ni da Yayana

Akwai maganar da ake yi a danginmu game da ni da kawunku Alhaji Sabo, Allah ya jiƙansa, wadda na daɗe ina ji ina yin shiru. Ana cewa na kai shi gaban hukuma na karya masa kasuwa. A wani biki da muka je Malumfashi ma na ji ɗaya daga cikin jikokinsa tana ba ƙawarta labarin, ba ta san ina zaune a bayanta ba. Ban ga laifin yarinyar ba, abin da aka faɗa mata ta maimaita. Amma ƙarfina ya fara raguwa, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun kusa ƙarewa, don haka gara in rubuta muku yadda aka yi, ku 'ya'yana da 'ya'yanku, ku riƙe.

Yaya Sabo shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, shi ya riƙe gidan. Lokacin da 'yan mata sa'o'ina suke barin karatu a firamare, shi ya tsaya kai da fata sai na wuce kwalejin horon malamai, har na zama malamar lissafi. Ban taɓa musun wannan ba, kuma ba na so ku manta da shi a duk abin da za ku karanta nan gaba. Ya fara sana'a da sayar da takin zamani tiya-tiya a kasuwar Bakori, yana tafiya a keke. Allah ya buɗa masa, ya gina sito, ya sayi mota, har kamfanin da ke kawo taki yankinmu ya ba shi dilanci shi kaɗai. Sauran masu sayarwa biyu da ke garinmu suka rufe. Daga nan duk manomin da ke son takin kamfa ko na yuriya a garinmu da ƙauyukan da ke kewaye, ƙofa ɗaya ce. Wanda ya ce zai je Funtua ya sayo, kuɗin mota da na lodi za su cinye rangwamen da ya je nema, ga kwana guda na aikin gona ya tafi. Yaya bai taɓa haɗa taki da yashi ba, bai taɓa rage buhu ba. Abin da yake yi kawai, shi ke yanke farashi, kuma ya gane tun da wuri cewa sayar da buhu kaɗan da tsada ya fi masa daɗi a kan sayar da mai yawa da araha.

Shekarar da ta gabaci wadda nake son ba ku labari, ƙaramar hukumarmu ta sa haraji a kan taki, abu kaza a kan kowane buhu da ya fita daga sito. Washegari Yaya ya ɗora harajin a kan farashi, ya ƙara da nasa. Babanku, Malam Haruna, wanda bai da wata sana'a sai noma, rabin abin da ya saba saye ya iya saye. Na tuna ranar da ya kai ni gonarmu ta hanyar Danja in gani. Gefen da ya samu taki masara ta yi baƙi ƙirin ta fi shi tsawo, ɗaya gefen kuwa ganye ya yi ɗorawa, kara siriri kamar tsintsiya. Mu ma da sauƙi, ina da albashi. Matan unguwarmu masu 'yan gayauni a bayan gari, waɗanda mudu biyu ko uku suke saye, da yawansu ba su sa komai ba a daminar nan.

Da na yi ritaya daga koyarwa sai aka sa ni a kwamitin kuɗin shiga na ƙaramar hukuma, a matsayin wakiliyar mata. Na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni. Doka ta ce sai da mace, ni kuma an san ni da rashin hayaniya, kuma ƙanwar Alhaji Sabo ce. A zama na biyu ma'aji ya kawo bayani cewa harajin taki bai kawo abin da aka yi tsammani ba, domin buhunan da aka sayar sun ragu. Shawararsa a ninka harajin kowane buhu kafin ruwa ya sauka. Kowa ya gyaɗa kai. Aka ɗage yanke hukunci zuwa mako biyu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je gidan Yaya gaida Inna, mahaifiyarmu, domin a wurinsa take zaune. Na same shi a ɗakinta yana cin abinci. Na yi zaton in na faɗa masa shawarar ma'aji hankalinsa zai tashi, sai na ga ko hannunsa bai tsaya ba.

"Na ji labari," ya ce. "Ku ninka, ku ma ruɓanya sau uku in kuna so. Ni ba ni zan biya ba."

Na ce, "To wa zai biya, Yaya?"

"Wanda zai zuba takin a gonarsa. Da ma ina da niyyar ƙari bana. Kin ga in mutane suka yi ƙorafi sai in nuna musu sakatariyar ƙaramar hukuma."

Ya yi dariya, Inna ta taya shi don ganin ya yi. Ni ma na yi murmushi, amma maganar ta bi ni har gida. Shekara talatin ina koya wa yara cewa in amsa ta zo da sauƙi fiye da kima a sake duba tambayar. Ɗan kasuwar da za a ninka wa haraji yana cin tuwonsa hankali kwance, wannan amsa ce da ta zo da sauƙi fiye da kima.

Kwana uku ina juya abin. Ranar Litinin bayan la'asar babanku ya dawo daga kaftun gona, yana zaune a tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya, na jawo kujera na zauna kusa da shi.

"Malam, a ce kai ne Yaya. Kai kaɗai ke sayarwa. Aka ce duk buhun da ya fita za ka biya abu kaza, ko da tsada ka sayar ko da araha. Me za ka yi?"

Bai ɗaga kai ba ya ce, "In rage buhunan, in ƙara kuɗin. Buhu kaɗan, haraji kaɗan. Ƙarin da na yi kuma nawa ne ni kaɗai."

"To in aka ce ba ruwanmu da ƙirga buhu, kaso za mu ɗauka daga kuɗin da ka sayar, misali a kowace naira ashirin mu ɗauki ɗaya?"

Nan ya ajiye fartanyar.

"To duk ƙarin da na yi tare za mu ci ke nan," ya ce a hankali. "In kuma na yi rangwame, ba ni kaɗai rangwamen zai taɓa ba, abin da zan ba ku a kan buhun ma zai ragu. Kin ga ƙari ya rage daɗi, rangwame ya rage zafi."

"Wanne za ka zaɓa?"

"Sai in sauko kaɗan in sayar da yawa." Ya dube ni. "Binta, kin san ko da wa kike shirin yin wannan?"

Na sani. Babanku bai hana ni ba, bai kuma ce in yi ba. Ya ce dai shi manomi ne, in aka tambaye shi abin da yake so ba sai an jira amsa ba, amma yayana nawa ne, ba nasa ba, kuma shi ba zai so a ce miji ne ya zuga ni ba.

Na fara zuwa wurin Yaya kafin kowa. Ina so wannan ya tabbata a zukatanku, domin masu ba da labari suna tsallake shi. Na same shi a sito, na nuna masa a takarda cewa zan nemi a daidaita kason ta yadda in ya bar farashinsa inda yake, abin da zai biya daidai yake da na bara, ko kwabo ba zai ƙaru ba. In ya sauko ma zai iya samun fiye da da. Bai karɓi takardar ba. Abin da ya tsaya masa a rai, in dai kaso ne, dole a san farashi, dole ya rubuta shi a allo a ƙofar sito, ya ba duk mai saye takardar shaida. Mutumin da ya saba faɗa wa kowa farashi gwargwadon yadda ya ga fuskarsa da kuma yadda hadari ya haɗu, wannan a wurinsa tsirara ne.

"Ki je ki zauna a kujerarki ki karɓi alawus ɗinki," ya ce. "Kasuwa ba aji ba ce."

Kafin in kai gida labari ya riga ya kai wa Inna. Ta aiko a kira ni. Inna ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne, sai dai ta ce "yayanki".

"Auta, me yayanki ya yi miki?"

"Bai yi min komai ba, Inna, sai alheri."

"To shi ne sakayyar? A ce 'ya'yana biyu suna jayayya gaban maza a gidan gwamnati?"

Na ba ta labarin Dije, maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, wadda a bara ta shuka gayaunarta ta girbe abin da bai kai su wata uku ba ita da yaranta. Inna ta san Dije, ta san uwarta. Ta ci gaba da jan carbinta.

"Ni ban san lissafinku ba," ta ce. "Amma in kin tashi magana, kada ki kama sunansa. Ki yi magana a kan taki."

Wannan na riƙe, kuma na cika.

Ranar zaman, an gayyaci Yaya a matsayin dila, an kuma gayyaci Sarkin Noman garinmu, wani dattijo da ba ya son dogon bayani. Ma'aji ya sake karanta shawararsa. Ciyaman na ƙaramar hukuma ya tambaya ko akwai mai magana, har ya riga ya fara neman biro. Na ɗaga hannu. Da na je gaban allon da ke ɗakin na riƙe alli sai na ji kamar ina aji. Na ce harajin buhu yana saka wa mai sayarwa in ya rage kaya, domin duk buhun da bai sayar ba ya tsira daga haraji. In da masu sayarwa goma ne a gari, wani zai karya farashin wani, bambancin ba zai yi yawa ba. Amma inda ƙofa ɗaya ce, in muka ninka, buhu zai ƙara raguwa, farashi ya ƙara hawa, baɗi mu sake zama a nan muna neman ninkawa. Na ce kowane haraji yana da nauyi a kan manomi, ba zan yi musu ƙarya ba, amma ɗaukar kaso daga kuɗin da aka sayar ya fi harajin buhu sauƙi, kuma hukuma za ta samu abin da ya fi na bara ba tare da ta ninka komai ba.

Ma'aji ya ce, "Malama, buhu ana ganinsa, ana ƙirga shi a kan mota. Farashi fa, wa zai tsare mana shi?"

Kafin in amsa Sarkin Noma ya gyara zama.

"Mu," ya ce. "Akwai manomin da bai san nawa ya biya ba? A rubuta a ƙofa, a ba mu takarda. Duk wanda aka karɓi fiye da abin da ke jikin allo daga hannunsa, ni zai kawo wa."

Ciyaman ya juya wurin Yaya. Yaya ya tashi, ya gyara babbar rigarsa. Bai dubi Ciyaman ba, ni ya duba.

"Binta, lissafin nan da kike zanawa, da kuɗin taki aka koya miki shi."

Na ji hawaye yana tahowa na danne shi.

Na ce, "Gaskiya ne, Yaya. Shi ya sa ba zan yi shi ba daidai ba."

Ya ɗauki hularsa daga kan tebur ya fita. Ciyaman mutum ne mai son abin da zai nuna wa jama'a, kuma ya san ninka haraji dab da damina ba zai yi masa kyau ba. Ya ce a gwada shawarata damina ɗaya. In abin da aka tara bai kai na bara ba, a koma harajin buhu a ninka, ni kuma in ajiye kujerata, a kuma sanar da mutane cewa ni na jawo. Na ce na yarda.

Daga ranar ƙofar gidan Yaya ta rufe gare ni. Ba wanda ya kore ni da baki, amma in na yi sallama matansa sai su amsa daga cikin ɗaki. Inna nakan gani ne in na tabbatar ya tafi Funtua. 'Ya'yansa da na yi wa wanka suna jarirai suka koma gaishe ni a tsaye. A bikin Hauwa, babbarku, da aka yi a wannan tsakanin, ba shi ba iyalinsa, ke Hauwa kin tuna yadda kika yi ta leƙen ƙofa. Na ce miki tafiya ce ta kama shi. Ba tafiya ba ce, ki yafe min.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Yaya ya kafa allo kamar yadda aka ce, ya rubuta farashin da ya fi na bara. Ya yi haka ne don ya nuna cewa ba mai juya shi. Makonni biyun nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Masara ta fito tana neman takin farko, mutane suna zuwa su karanta allo su juya. A hanyar kasuwa wani ya ce da ni, "Malama, ga lissafinki nan ya fito." Babanku ya daina zama a majalisarsu ta ƙofar masallaci saboda ba'a. Na tambaye shi ko in je in ba Ciyaman haƙuri tun kafin a ci mutuncina.

"Yayanki yana da fushi," ya ce, "amma ɗan kasuwa ne kafin fushin. Sito cike yake, taki kuma ba ya jiran baɗi. Ki ba shi kasuwa ɗaya."

Ranar kasuwa ta uku ina tsakar gida ina tankaɗe da hantsi, sai ga Dije ta shigo ko sallama ba ta gama ba, mayafinta a hannu.

"Malama, an goge allo."

"An ƙara?"

"An rage. Ya sauko ƙasa da na bara. Ki zo ki ga layi."

Na yafa mayafi na bi ta. Ban ƙarasa siton ba, na tsaya daga nesa a gindin wata bishiyar maina. Babura ne a jere, kowane ana ɗaura masa buhu biyu, wasu uku. Amalanken shanu sun tare hanya. Mata sun yi nasu layin da kwanuka da buhunan da suka yanke, domin ya buɗe buhu ana aunawa mudu-mudu, abin da ya daina yi tun bara. Yaya yana zaune a kan benci, fuskarsa a murtuke, yana ba da umarni. Ya yi nasa lissafin ya ga abin da na gani: ƙarin da ya yi ya kori masu saye, ɗan abin da ya samu kuma hukuma ta sa hannu a ciki. Kafin mako ya zagayo kayan da ke siton sun ƙare, ya aika a kawo wata tirela. Mutanen ƙauyukan wajen Danja da suka saba wahalar zuwa Funtua suka juyo wurinsa. Har daga Gozaki dangin babanku suka aiko a saya musu. A daminar nan sau uku ya cika siton.

Ba zan ce harajin ne ya kawo albarkar shekarar ba, ruwa ya yi kyau, kuma Allah ne mai bayarwa. Amma na ga gonarmu ta hanyar Danja kore ɗaya daga wannan kunya zuwa waccan. Na ga Dije ta kira mai baro sau huɗu ya kwaso mata masara. Da kaka ma'aji ya karanta wa kwamiti abin da aka tara, ya fi na bara nesa ba kusa ba, ba tare da an ninka komai ba. Mutumin kirki ne, da ya gama ya cire tabarau ya ce, "Malama ta fi mu gani." Da kuɗin aka yi kwalbatin da ke hanyar kasuwa, wanda kuke bi yanzu ba ku san a da sai an tuɓe takalma ba. Kasuwar Yaya kuwa da ake cewa na karya, a ƙarshen shekarar ya sayi fili a ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da mu ya fara gina sito na biyu.

Duk da haka bai yi min magana ba. Sallah ƙarama ta wuce, babba ta wuce. Na riga na sa a raina cewa abin da na biya ke nan, kuma in za a sake zan sake.

Wata Laraba da safe, dab da wata daminar, ina shanya wanki na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Babanku ya shigo da wani irin kallo a fuskarsa ya ce in fito zaure, ina da baƙo. Na tarar da Yaya a tsaye, ya ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa masa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a gajarce yana kallon bango.

"Mutanen can inda na gina sabon sito," ya ce, "wai za su sa min haraji a kan buhu. Yau suke zama, ƙarfe goma sha ɗaya."

Na ɗago kai na dube shi.

"Na ce musu kaso ya fi. Na yi bayani, na sake yi, ba su gane ba. Ni ban iya faɗarsa yadda kike faɗa ba." Ya yi gyaran murya. "Ki ɗauko mayafinki."

Babanku ya juya baya kamar yana duba wani abu a jikin ƙofa, kafaɗunsa suna motsi. Na shiga ciki. Na ɗauki lokacina, na canza zane, na sa turare, na ɗaura ɗankwalin da na yi bikin Hauwa da shi. Da na fito na nufi ƙofar baya ta motar, inda matan gidansa suke zama. Yaya ya miƙa hannu daga ciki ya buɗe min ta gaba.